Baƙi Uku, Ba Tabarma

Ranar Laraba nakan rufe gareji da azahar,
in cuɗa baƙin mai da omo da yashi,
in ɗora Harisu a bayan babur,
mu bar Ali Ɗan Sofo, mu nufi Zariya,
inda Malama Barira ke da ɗaki guda,
da madubi, da kyandir, da gashin zabo a gwangwani.

Yaron nan sai da ya cika huɗu
kafin ya ce mini Baba.
Uwarsa ta sha kuka a bakin murhu, tana cewa hayaƙi ne.
Magana ta zo masa irin zuwan gulbi:
a kwana rairayi, a tashi ruwa.

Yanzu Hausa ta zauna daram.
Faransanci na rarrafe.
Sai ga lakwal ta kawo Ingilishi,
ya buɗe baki a aji, aka yi dariya,
ya rufe, ya jefa makullin a rijiya.

Malama ta ce, harafi iri biyu ne, wasali da baƙi.
Na ce, baƙi? To, a ba su ruwa mana.
Ta ce, ai laifinku ke nan, Hausawa,
kowane ya zo sai kun shimfiɗa masa wasali ya zauna.
Haka kuka yi wa burodi, haka kuka yi wa fulawa,
direba ma bai wuce ba sai da ya sha inuwa.
Su kuwa can, uku za su taho ƙofa ɗaya,
kafaɗa da kafaɗa, ba sallama,
kuma a tsaye ake sallamarsu.

Ta ja shi gaban madubi.
Haɗa haƙora. Saki iska,
kamar tayar da ƙusa ta huda a garejin babanka.
Ya saki. Doguwa, siririya.
Yanzu tare ta da kan harshe, can bayan haƙori,
kada harshen kyandir ya motsa.
Ya motsa. Ya mutu.
Ashana bakwai muka ƙona a ranar.
Na ukun kuwa, ra ce marar kaɗawa,
harshe ya lanƙwashe, ya ƙi taɓa komai,
kamar mai tsallake kwata da sabon takalmi.

Mako na biyar ta juyo kaina.
Kai fa, mai gareji, da me kake kwance ƙusa mai tsaga?
Na ce, sukudireba.
Ta ƙirga mini wasali biyar a yatsu.
Ta faɗi nata, a gajarce, kamar an ƙyasta ashana.
Na gwada. U ta faɗo ciki.
Na sake. Ta sake faɗowa, kamar akuyar maƙwabci.
Harisu ya kwanta a ƙasa don dariya.
Ban taɓa ganinsa yana dariyar bakin wani ba;
kullum nasa ake yi wa.
Na sake kuskurewa, wannan karon da gangan,
ko da yake ba sai na yi da gangan ba.

Mako na tara, muna hanyar gida,
kusa da masu kilishi,
na ji huci a bayana, na rage gudu na dubi taya.
Ba taya ba ce.
Yaron ne, goshinsa a tsakiyar bayana,
yana jera su, ɗaya, biyu, uku,
ba komai a tsakani.
Ban waiga ba. Kada kyandir ya motsa.

Da safe ina ƙarƙashin wata tsohuwar mota,
na ce, miƙo mini sukudireba.
Ya miƙo, ya faɗi sunanta irin na Malama, tsaf,
ya tsaya yana jira.
Na ce, madalla, kai wa lakwal wannan.
Nan garejina ne. Baƙo zama yake.