Allon da Baba Ya Karanta

Asubar Talata na tayar da mota a Rigachikun,
Baba Tanimu a gefena, hularsa bisa gwiwa.
Yanar ido ta lulluɓe masa duniya.
Shekara arba'in da ɗaya yana murza sitiyari,
yau 'yarsa ke jan sa zuwa asibitin ido.

"Rage wuta, Uwani, akwai rami bayan gidan man can."
Na ce an cike shi tun bara.
Taya ta faɗa, mota ta girgiza.
Bai ce uffan ba, sai gyaran murya.

Bai yi boko ba.
Ya ce hanya ba da ido kaɗai ake karatunta ba:
kwalta tana magana a tafin hannu,
burji a haƙori,
yashi kuwa a zuciya.

Yana karen mota aka bar hagu aka koma dama.
Sati guda, in ji shi, kowa baƙo ne a garinsu,
maigidansa na tuƙi yana salati,
shi yana leƙe ta taga yana ihu: "Dama, maigida, dama!"

A Nijar ya san duwatsun bakin titi,
farare masu jar hula,
suna ƙirga maka tafiya ba ruwansu da gajiyarka.
Ya san allon raƙumi cikin jan kusurwa uku,
da igiyar da jandarma ke ɗaurewa a jikin ganga
har sai ka nuna takardar kuɗin hanya.
Bayan Agadas babu allo, babu kwalta,
sai tsohuwar taya da wani ya kafa a rairayi
don wanda bai sani ba, wanda ba zai taɓa gode masa ba.

A Kamaru akwai gangara kusa da Gaundare,
allonta Faransanci, bai ji ko harafi ba,
amma ya ga gawar tirela uku a gindin kwari.
Ya ce wannan rubutu kowa ya iya shi.
Ya sa giya ɗaya, ya sauka kamar mai rakiyar amarya.

"Mu fa, Baba, mene ne allonmu?"
Ya yi dariya har da tari.
"Ɗanyen ganye a tsakiyar titi.
In kin gan shi, wani ya lalace a gaba.
In ya bushe, mai motar ya tafi, ya manta da na baya."

Muka ratsa Kawo, ƙarƙashin gadar sama.
Ya ji inuwarta a fuska, ya ce, "Yaushe ta yi faɗi haka?"
A shataletalen Mando na yi kwana,
hannunsa na dama ya juya iska tare da ni.

Laraba aka yi aiki.
Alhamis likita ta warware bandeji,
ta tsayar da shi gaban wani farin allo,
harafi ɗaya tal mai ƙafa uku,
yana juyawa, yana ƙanƙancewa.
"Ina ƙafafun suka dosa, Baba?"
Ya gyara zama kamar ya hau kujerar tirela.
"Dama. Sama. Hagu. Hagu kuma.
Wannan na ƙasan, a bar shi, sai na matso."

Da za mu koma ya sauke gilashi duka.
Kore shar wani babban allo ya tsaya a kanmu,
fararen baƙaƙe, kibiya ta miƙe gaba.
Ya daɗe yana kallo.
"Me suka rubuta?"
Na ce, Zariya, Kano.
Ya gyaɗa kai. "To, ba su yi ƙarya ba."

Ya sa hula.
Can gaba kaɗan ya taɓa mini kafaɗa:
"Yanzu kam ina ganinsa. Rage wuta."