Kalmomi Goma Kafin Isha'i

A saman benen makarantar da muke fakewa
duk ranar da guguwa ta taso daga teku,
nan Nirmol ya jingina allonsa.
Mu bakwai ne, duk mata, duk mun haife shi.
Ya ce baƙi za su zo Gabura Laraba ta sama,
masu kuɗi, masu rubutu,
kuma ba sa jin Bangla.

Kalmomi goma kullum, in an dawo kamun ƙaguwa.
Ni Morzina, shekara hamsin da huɗu,
haƙorana biyu na gaba sun yi gaba,
Turanci kuwa harshe ne mai son haƙori.
Iska ke fita, kalmar ta maƙale a maƙoshi
kamar ƙayar kifi.

Ta farko, in ji shi, ɗumamar duniya.
Shefali ta ce, wannan ai mun sani
tun da shinkafa ta fara ƙonewa a tsaye.
Ta biyu, hawan ruwan teku.
Na leƙa ta taga. Ga shi can yana hawa,
bai jira mun iya sunansa ba.

Akwai wata doguwa mai gaɓa huɗu,
wai sabawa da sabon hali.
Na ce, wato barin noma a koma ƙaguwa?
Ya ce eh.
Ɗora gado bisa bulo shida?
Ya ce eh.
Tura ɗana Khulna ya ja keken haya?
Ya yi shiru, ya goge allo da tafin hannu.

Na rubuta su a bayan kwalin magani
da baƙaƙen Bangla, yadda kunne ya ji.
Ina dafa abinci ina bita.
Jikata na dariya har da riƙe ciki:
Kaka, ba haka ba ne, cije leɓe za ki yi.
Na ce, da me?

Wadda ta hana ni barci ita ce ta Litinin,
tagwaye ce: asara da ɓarna.
Nirmol ya ce ɓarna ana gyara ta,
asara kuwa ta tafi ke nan.
Na kwana ina kasafi kamar mai rabon gado.
Katangar laka, ɓarna.
Saniya, kuɗi na sayen wata, ita ma ɓarna.
Mangwaron da surukina ya dasa,
gishiri ya ci shi daga saiwa,
na rasa kason da zan sa shi.
Kabarin Mofiz, uban 'ya'yana,
yana ƙarƙashin kogin Kholpetua yanzu,
masunta na bi ta kansa.
In na je ziyara, a bakin ruwa nake tsayawa.

Laraba ta zo. Suka sauko daga jirgi
da sababbin takalman roba.
Wata mai furfura ta zauna a tabarmata,
ta buɗe littafi, ta yi murmushi, tana jira.
Kalmomi tamanin na haddace.
Ko ɗaya ba ta amsa kira ba,
sun watse kamar 'yan kifi an jefa dutse.

Sai na tashi na ɗebo mata ruwan tafkinmu,
wanda muke sha in na sama ya ƙare a randa.
Nirmol ya zaro ido.
Ta kurɓa.
Fuskarta ta karanta shi tsaf, ba tafinta.

Na ce mata, nona pani.
Ta ce, nona pani.
Na ce, a'a, sake.
Sai a na uku ta kamo shi.
Ta rubuta a littafinta
da nasu baƙaƙen, yadda kunne ya ji.

Da yamma ina ɗauraye kofin
kalmomin suka dawo, ɗaya bayan ɗaya, ko kunya babu.
Na karanta wa akuya su.
Gobe ma akwai aji.
Nirmol ya ce saura na hayaƙi,
da na waɗanda suka hura wutar.