Mega Biyu

Ƙarfe huɗu da kwata a Tawa
kuran ya dawo, fanka ta yi tari ta tashi.
Ina goge gilashin sikana da bakin gyalena
sai ga shi, gumi har cikin kunne,
kabu-kabun da ya kawo shi bai ko juya ba.

Ƙasimu Ɗan-Baƙo, daga can wajen Bagga.
Dosiyen kwankur na malaman asibiti,
ƙarfe shida za a rufe karɓa.
"Hamsatu, sun ce pedeyef, guda ɗaya tak,
kada ya wuce mega biyu.
To mine ne mega? Da tiya ake awonsa?"

Ya zazzage mini cikin salularsa.
Takardar haihuwa a kan tabarma aka ɗauke ta,
ga saƙar kaba, ga ɗan yatsan ƙafar ƙanwarsa.
Difiloma tana kwance a kan haƙarƙari.
Wasiƙar neman shiga kuwa
wani abokinsa ya buga masa a Wad, a Yamai,
da na buɗe ta a nan sai ta watse:
kwanan wata ya sauka ƙasa,
gaisuwar ƙarshe ta tsallaka shafi na biyu ita kaɗai,
Ƙ da Ɗ na sunansa
sun zama akwati biyu, ba kowa ciki.

Ya yi dariya, ba ta kai ido ba.
"Bar su. Tun a lakwal aka yanke mini ƙugiya.
Kasum Dan Bako nake a rajista."
Ban bar su ba.
Na nemo rubutun da ya san ƙugiya, na mayar masa.
Na ce Wad ɗanyen yumɓu ne,
duk hannun da ya taɓa sai ya bar shaida.
Bari in gasa maka ita, ta tafi yadda take.

Na tada difiloma tsaye.
Na datse tabarma, na sallami ƙafar ƙanwa.
Na ɗinke shafi bakwai wuri guda.
Mega tara.

Na matse. Huɗu.
Na ƙara matsewa, ɗaya da ɗigo shida,
har na ce alhamdu,
sai ya sa yatsa a kan allon:
"Wannan fa?"

A ƙasan takardar haihuwa, gefen tambarin meri,
inda dangwalen yatsa yake da zanensa zagaye-zagaye,
yanzu baƙin tabo ne kamar an murje ƙuda.
"Na babana ne. Bai iya sa hannu ba.
Shi kenan abin da ya rubuta a duniya."

Biyar da rabi.
Na koma baya.
Na cire wa difiloma launi, ba ta yi gardama ba.
Na rage hotonsa har kuncinsa ya ɗan dushe,
ya ce ba komi, ai za su gan shi ido da ido.
Shedar zama, shedar likita, kowace ta ba da nata.
Shafi ɗaya na bari da ƙibarsa.

Ɗaya da ɗigo casa'in da bakwai.
Muka tura. Ƙawanya tana juyawa, tana juyawa,
mai shayin ƙofa ma ya leƙo da butarsa.
Shida saura minti goma sha biyu
aka ce an karɓa.

Ya ƙirgo dala ɗari ya ajiye,
ya kai bakin ƙofa, ya dawo.
"Ki buga mini wannan wurin kawai. Ki ƙara masa girma."

Tawadar injin ta kusa ƙarewa.
Na ciro ta, na girgiza, na mayar.
Yatsan ya fito ya cika takarda,
har da wani tsohon yanka a tsakiya,
ya ce na lauje ne.