Tsakanin Bulo da Bulo

Likita ya ce in ajiye mota,
in taka ƙasa kullum bayan asuba,
daga ƙofar gidana a Gesse
zuwa shataletale, in juyo.
Sukari ya hau, gwiwa ta ƙi,
sai na koyi tafiyar hawainiya,
kai a sunkuye kamar mai neman allura.

Nan na gan su.

Tsakanin bulo da bulo, inda siminti ya yi hamma,
tsidau ya shimfiɗa tabarmarsa,
fure rawaya, bai kai ƙwayar wake ba,
ƙayar na kwance a ƙasa tana dakon silifas.
Fasa-ƙaba a gindin turken lantarki,
jar ƙafa, ganye kamar an shafa masa man gyaɗa,
ba ta buɗe ido sai hantsi ya dubi ludayi.
Ga gasaya a bakin kwata, farin gashinta a tsaye,
leda ta naɗe mata wuya.
Da ita Inna ta yi mana kwaɗo
shekarar da gero ya ƙi.
Ban gaishe ta ba tun ina da haƙoran gaba.

Shekara talatin da ɗaya ina bin hanyar nan
gilas a rufe, rediyo na magana.
Na san sunan kowane darakta,
na san lambar kowane fayil.
Amma wata 'yar shuɗiya
ƙarƙashin teburin mai shayi,
kunnuwa biyu kamar na ɓera,
shuɗin da ko marina ba su taɓa kamowa ba,
na tsuguna, na dube ta, ta dube ni,
sunan ya ƙi zuwa.

Na kira Yaya Tumba a Bunza.
Ta bar ni na gama kwatance,
sannan ta yi dariya har tari ya sarƙe ta:
"Kai, Ummaru, balasana ta!
Wadda kaka yanko ma tumakin Baba.
Boko ya cinye maka ido?"

Ranar Asabar aka yi tsaftar gari.
Ɗantani mai shara ya bi layin da fartanya,
ƙwas, ƙwas, har bakin masallaci,
ya tara su da bawon rake da katin waya.
Na ce masa sannu da aiki.
Me zan ce? Aikinsa ne, kuma ya iya.

Daren Talata aka yi ruwa,
irin mai sa kwaɗi kwana suna musu.
Yau na fito da sanda,
na wuce mai shayi, na dawo baya.
A tsagar nan dai, kusa da murfin kwalba,
ganye biyu, ƙanana,
ko fure babu tukuna.

Mai shayi ya ce, "Alhaji, kuɗi suka faɗi?"
Na ce masa a'a.
Ya ci gaba da fifita wuta.