Garahunin Bayan Ɗaki

Ƙwaya bakwai Kuluwa ta kwance daga bakin zanenta,
ran Lahadi, kasuwar Tawa na ci.
Ta ce, "Daga Kalfu na ɗauko maka.
Tun da likita ya raba ka da sukari,
sai ka koyi zama da ɗaci."

Na yanka tsohon bido gida biyu,
na huda gindinsa da ƙusa mai zafi.
Jar ƙasar Adar hannu uku,
takin awaki hannu ɗaya.
Ban san addu'ar da ake yi wa irin garahuni ba,
bisimilla kawai na yi, na rufe.

A unguwarmu ruwa ba ya aiki ɗaya ya tafi.
Na alwalata nake tara masa a tasa,
ya sha na asuba, ya sha na la'asar.
Kwana tara ƙasa ta yi gum da bakinta.
Na goma, huɗu suka ɗago kai.

Akuyar Tsalha ta ci biyu.

Dama shekara biyu ke nan ba ma gaisawa,
a kan indararon da ya kafa
yana zubo mini damina cikin gida.
Na haɗiye maganar, na sari ƙaya na kewaye sauran,
na ɗaure igiyar tsohon gidan sauro
daga bakin bido zuwa kan katanga.

Ban taɓa sanin tsiro na da hannu ba
sai da na zauna na gani:
ɗan siriri kamar zaren ɗinki,
yana laluben iska kamar mai neman ƙyaure cikin duhu.
Da ya taɓa igiya ya naɗe,
bai sake saki ba.

Kuluwa ta ce kar in taɓa toho,
manyan ganye na ƙasa zan tsinka,
bayan raɓa ta bushe.
A faifai, a inuwa, ba a rana ba.
Ganye biyar, ruwa kofi biyu,
gawayi ya yi ja, buta ta fara gunaguni.
Kurɓin farko sai da kunnena ya motsa.
Jikata Mintu ta faɗi ƙasa don dariya.

Tsakiyar damina igiya ta ƙare,
shi kuwa bai ƙare ba.
Ya leƙa, ya haure, bai nemi izinina ba.
Can gidan Tsalha ya fi zuba fure,
ɗan butulci,
ni da ban ruwa, wani da kallon rawaya.

Wata magariba na ji sallama,
muryar da na kusa mancewa.
Yana tsaye, hularsa a hannu,
cikinta ƴaƴa jajaye sun fashe, iri na leƙowa.
Ya ce, "Abinka ya haihu a gidana.
Ga su.
Cikina ma kwana uku yana murɗa."

Na jawo tabarma, na ƙara kofi ɗaya.
Ya kurɓa, ya rufe ido, ya yi salati.
"Ba sukari?"
"Babu."
Muka yi shiru, hadari na haɗowa ta gabas.
Ba wanda ya ambaci indararo.

Ya miƙo kofin na sake cikawa.
Da zai tashi na ƙirga masa ƙwaya bakwai a tafin hannu,
na ce ya ɗaure akuyarsa tukuna.