Matuƙin da Ya Ɓata a Falo

A Olomouc, bene hawa na huɗu,
inda jirgin titi kan girgiza mana kofuna in zai wuce,
mahaifina Lubomir ya share rabin teburin cin abinci,
ya ce daga yau nan filin jirgi ne.

Shekara talatin da takwas yana gyaran makullai.
Yanzu hannun ya soma rawa,
likita ya ce a ba yatsun aiki, kar su kwanta.
Sai ga shi da kwali daga shagon Hynek:
Spitfire, an rage shi sau saba'in da biyu,
gutsattsarin roba masu ruwan toka
a jere kamar ƙayar kifi.

Da reza yake yanko su, ɗaya-ɗaya.
Ya goge bakin da samfefa, ya hure,
ya ɗiga gam da tsinken sakace,
ya riƙe numfashi kamar mai tsallake rijiya.
Gida duk warin fenti, har miyar kabeji ta ɗauka.
In na ce, "Baba, dare ya yi,"
sai ya ce, "Zdenka, sannu ba ta hana zuwa,"
ya ƙara sauko da fitila kusa da hanci.

A bango akwai hoton baffansa Vendelin,
ɗan ashirin da uku, hula a karkace.
Da ƙafa ya tsallake iyaka
don ya tuƙa irin wannan jirgi daga Ingila.
Wata safiya ya tashi,
teku ta haɗiye sauran labarin.
Ba gawa, ba kabari, ko maɓalli ba a tsinta ba.
Uwarsa ba ta daina ajiye masa faranti ba
har ranar da aka daina ajiye mata.

Ran Laraba aka zo kan matuƙi.
Bai fi ƙwayar gyaɗa ba.
Kwana biyu Baba yana yi masa fuska
da burushi mai gashi uku,
ya sa masa rigar ruwa rawaya, ya ɗiga masa tabarau.
Ya ɗauko shi da hantsaki zai zaunar,
sai jirgin titi ya wuce,
hannu ya yi nasa,
tas!

Shiru.

Muka durƙusa da tocila, mu uku har da 'yata Jitka.
Mun kakkaɓe kafet, mun janye kabad.
Mun samu kwabo biyu, da ƙwayar maganin hawan jini,
da ɗan kunnen Mama da ya ɓata tun tana raye.
Matuƙi kuwa ko ƙasa ko sama.
Baba ya zauna daɓas, ya jingina da ƙafar tebur,
ya ce, "Sau biyu ke nan."
Ban taɓa ganin ya yi wa baffan nan hawaye ba,
mutumin da ko muryarsa bai sani ba.

Allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.
Jitka ce ta hango rawaya
a naɗin ƙafar wandon kakanta.
Duk neman nan yana tare da shi.

Baba ya ɗora shi a tafin hannu, tafin na kaɗawa,
ya daɗe yana kallonsa.
Daga nan ya jawo jirgin, ya rufe gilashin mazauni
ba kowa a ciki.
Na ce, "Ai ka manta shi a waje."
Ya ce, "Ban manta ba. Ya tashi ya isa."

Yanzu jirgin na rataye da zaren kamun kifi a bakin taga,
farfela na juyawa kaɗan in an buɗe ƙofa.
Shi kuwa yana zaune a kan kwalin ashana,
kusa da gwangwanin sukari,
gwiwoyi a lanƙwashe, hannu ɗaya a miƙe
kamar mai jiran a miƙo masa burodi.