Haƙoran Ɗigo

Kwana huɗu Ɗigo ba ta taɓa kan kifi ba.
Ta zo, ta shinshina, ta juya,
yawu na ɗiga ta gefen bakinta
kamar famfon bayan masallaci.
Ita da ɓerayen Agege ke jin motsinta su canza layi,
yau ga su suna walima a kan buhun wakena,
tana kallo.

Barau mai albasa ya ce tsufa ne.
Iya Sikira mai amala ta ce baki ne.
Na ce e, bakin ne,
amma ba wanda kike nufi ba.
Don na ɗaga leɓenta da asuba:
dasashi ja wur kamar attarugu,
matauni biyu sun yi baƙi,
ga wani wari da ya fi na kwatar kasuwa bayan ruwa.

Na sa ta a kwandon tumatir, na rufe da buhu.
Kwandasta ya ce kwando ma kujera ne, in biya.
Na biya.
Daga Agege zuwa Ikeja
sai da gosulo ya cinye mana hantsi,
ruwa na dukan rufin danfo,
ita kuwa ko miyau ɗaya.
Wannan shirun ne ya fi ba ni tsoro.

A ɗakin jira ga wani kare kamar maraƙi.
Na tattare rigata, na matsa ƙarshen benci.
Ya ɗora haɓa a kan tayil, ya dube ni da ido ɗaya,
kuncinsa a kumbure.
Ashe layinmu ɗaya.
Ciwon haƙori bai tambayi asalin kowa ba.

Dokta Morenike ta yi mata allurar barci.
Ta cire biyu, ta kankare sauran,
ta nuna mini abin da ya fito:
ƙanzo ne sak, irin na gindin tukunya.
Ta ce mage ba ta kai ƙara.
Takan ɓoye ciwo kamar yadda take binne kashinta,
ranar da ka gani, ya daɗe da zama.
Ta ba ni ɗan buroshi da ake sa wa a yatsa
da man goge baki mai ɗanɗanon kaza.
Ta ce kada in kuskura in sa mata nawa, cutar da ita zai yi.
Kuɗin ya kai rabin buhun wake.
Na ƙirga sau biyu, bai ragu ba.

Ina naɗe rasit ta tsaya tana duban kuncina.
Baba, kai fa?
Na ce ni me?
Ta ce tun da ka shigo da ɓangare ɗaya kake magana.
Na tura kanumfarin da ke bakina can ƙarƙashin harshe.
Damina biyu ke nan ina tauna da dama,
ban gaya wa ko uwar 'ya'yana ba.
Ta rubuta wani adireshi a bayan rasit ɗin.

Yanzu in an idar da magariba
ina zama a bakin shago,
aswaki a bakina, buroshi a yatsana,
Ɗigo a matse tsakanin gwiwoyina.
Ta yakushe ni sau uku a makon farko.
Barau na dariya har hularsa ta faɗi:
wai Mati ya zama wanzamin kyanwa.
Na ƙyale shi.
Albasarsa ma ai ita ke gadi.

Rana ta tara na buɗe ƙofa
na tarar da wutsiyar ɓera a kan ma'auni,
ita kuma tana lasar hannu kamar ba ita ba.

Rasit ɗin yana cikin hulata.
Gumi ya fara cin rubutun,
amma har yanzu lambar gidan na karantuwa.
Gobe kasuwa ce.
Jibi, wataƙila.